Wannan ƙaton na tagulla mai riƙe da kan mace, yaya anka zuba shi?

ɗan_maƙera_Tawa ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan uwa na wannan zaure. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni lakwal CM2, ajin ƙarshe na firamare, na tsaya, ƙira na gada. Daga Tawa na zo Yamai shekara huɗu kenan ina wajen kawuna muna zubin azurfa, abin wuyan Agadas da na Tawa da na Ingal, zobba, ƴan kunne, wani lokaci ƴan raƙuma na tagulla saboda baƙi, ko da yake yanzu baƙin sun yi ƙaranci kasuwar sai a hankali.

To jiya da dare muna fada muna shan shayi sai ƙanena da ke lise ya miƙo mini salula ya ce yaya dubi aikin ƴan uwanka maƙeran Italiya, wai mushensu na tarihi ya nuna musu. Wani ƙato ne na tagulla tsirara haihuwar uwarshi, takobi a hannun dama, hannun hagu ya ɗaga kan wata mace da ya sare, gashin kan duk macizai, jini na zuba daga wuyan kamar an murɗa igiya, kuma ya taka gawar. Ƙasan hoton an rubuta Cellini, Persée, Florence. Wallahi har shayina ya huce ban sani ba. Ni da ke zuba abin da bai wuce giram 20 ba wani lokaci ya hito da rami ko reshe guda bai cika ba in fasa in sake, shi wannan an ce ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba.

Abin da nike son sani, cikinshi cike yake da ƙarhe ko akwai rami? In cike yake wace wuta ta narka wannan tagulla haka kuma wa ya ɗauki kaskon ya zuba? Sannan wanene shi kuma mi matar ta yi mishi? Kawuna ya leƙa ya ce gunkinsu ne da suke bauta ma in bar kallo, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba don aikin hannun ya dame ni.

Mushen_Tarihi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan maƙeri. Maganar zubi zan bar ma masu ita don ni alli na sani ba zuga-zugi ba, amma ta ƙarshen nan tawa ce, kowace shekara sai ɗalibai sun yi mini ita.

Ka gaida kawu ka ce masa ba a taɓa yi wa wannan sujada ba. Mutanen Florence a lokacin kiristoci ne ƴan katolika, allolin Girka da na Rum kuwa an daina bauta musu sama da shekara dubu kafin a haifi Cellini, maƙerin da ya yi wannan aikin. Abin da ya faru shi ne masu kuɗi da masu ilimin Italiya tun daga shekarun 1400 sun haukace da duk abin da ya shafi tsohuwar Rum, ana tono a ci karo da karyayyen mutum-mutumi na dutse sai a yi ta ribibi, ana karanta tsofaffin labaransu, shi ne abin da ake ce ma Renesans, wato sake haihuwa. Labarin allolin ya koma musu kamar tatsuniya da kirari, abin ado da nuna kai mai sani ne.

Shi wannan saurayin sunansa Perseus, Faransawa na cewa Persée. A tatsuniyar ɗan Zeus ne, babban allan Girkawa, da wata mace Danae. Wani sarki da ke son uwar ya ga yaron zai hana shi sakat sai ya aike shi aiken da ba a dawowa, ya ce je ka kawo mini kan Medusa. Ita Medusa ɗaya ce cikin wasu dodanni mata uku, gashinta macizai, duk wanda ya haɗa ido da ita ya zama dutse nan take. Sai aka ara masa kayan aiki, takalmi mai fukafukai, hular layar zana da in ka sa ba a ganinka, da garkuwa mai ƙyalli kamar madubi. Ya same ta tana barci, bai dube ta ba, cikin garkuwar ya riƙa kallo har ya fille kan. Duba hoton da kyau za ka ga fukafukai a ƙafarsa da kan hular, kuma kansa a sunkuye yake. A hanyar komawa ya ceci wata ƴar sarki Andromeda da aka ɗaure bakin teku don dodo ya cinye, ya aure ta.

Ni in ina bayani a aji Bayajidda nake kawo musu, nan take suke ganewa. Baƙo ya zo, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ta hana mutanen Daura ruwa, ya sare kan ya ajiye don shaida, ya auri Daurama. Kuma kai da kake maƙeri, wuƙar ma ai maƙeran Gaya aka ce suka ƙera masa. Ka ga wanda ya ce jinin Bayajidda ne ba bauta masa yake ba, sarauta yake kafa wa hujja.

To nan ne zancen yake. Wanda ya sa aka yi aikin shi ne Cosimo na gidan Medici, ya hau mulkin Florence a 1537 yana ɗan shekara 17 bayan an kashe ɗan uwansa Alessandro da ke kan kujerar. Gidan nan mutanen gari sun taɓa korarsu a 1494 suka yi jamhuriya, kuma a dandalin gaban fadar suka kakkafa mutum-mutumin da ke nuna ƙaramin mutum ya kada azzalumi, ciki har da Dauda na farin dutse da Michelangelo ya gama a 1504. Da Cosimo ya zauna daram sai ya ba Cellini aiki a 1545, aka buɗe shi a 1554 a wannan dandalin dai, saurayi ya ɗaga kan maƙiyi sama kowa ya gani. Ba sai an yi shela ba, duk mai tunanin tayar da jamhuriya ya fahimci da wa ake.

Akwai kuma habaici na masu sana'a a ciki da ke ba ni dariya. Inda aka ajiye shi, kan Medusa na fuskantar mutum-mutumin dutse na dandalin, wato kamar ita ta daskarar da su. Ɗaya daga ciki Hercules ne, ƙaƙƙarfan jarumin tatsuniyarsu, na wani masassaƙi Bandinelli, wanda shi da Cellini ba sa ga maciji, Cellini ya taɓa cewa a gaban sarki ƙirjin Hercules ɗin kamar an cika buhu da guna an jingine a bango.

Baba_mai_zubi ya rubuta:

Ɗana sannu da ƙoƙari, ɗan maƙeri da ya ga aiki shayinshi ya huce shi ne ɗan halas. Jikana ke rubuta mini ni ina faɗi. Ni tagulla na yi ma bauta tun ina saurayi, Wagadugu na koyo wajen masu zubi na can, na dawo na zauna Yamai, yanzu ido ya raunana sai dai baki.

Wanga abu fanko ne. Babu mai zuba ƙato haka cike, ko yana da kuɗin. Ba nauyi kaɗai ba, ƙarhe in ya yi kauri baya ya riga ciki hucewa, cikin na ja yana tsukewa, sai ya tsage ko ya bar kogo inda ba ka so. Kaurin da ake so bai wuce ɗan yatsa ba, kuma ya zama daidai ko'ina.

Aikin da kake yi ne fa, kakin zuma, yumɓu, wuta, ba wani sihiri. Bambancin guda, kai kana sassaƙa kakin zalla ka lulluɓe, shi kuwa sai ya fara ɗaura ƙashi na sandunan baƙin ƙarhe, ya gina mutumin da yumɓu bisa ƙashin amma ɗan siriri kaɗan da yadda ake so, ya gasa shi ya bushe ƙarau. Sannan ya shafe shi da kaki kamar an sa mishi riga, a jikin kakin nan ne zai yi duk gwanintar, gashi, jijiya, farce, macizan nan ɗaya bayan ɗaya. Sai a soka ƙusoshi su ratsa kakin su shiga yumɓun ciki kawunansu na waje. Wanga ƙusa ita ce ran aikin, don in kaki ya narke ya tsiyaye, babu abin da ke riƙe da na ciki sai ita, in babu ita ya faɗi ya jingina da bango guda, gefe ya hito da kauri gefe ya hito da huji.

Bayan nan a liƙa sandunan kaki, wasu hanyar da ruwan ƙarhe zai bi ya sauka, wasu hanyar da iska za ta hita. Yara nan suke kuskure, suna tunanin ƙarhe su manta da iska, alhali iskar da ta rasa ƙofa ita ke hana reshe cika. Sai lulluɓi, na farko yumɓu mai laushi kamar kunu a shafa da gashin kaza ya shiga kowane lungu, a bari ya bushe a inuwa, a ƙara, a ƙara, na baya mai kauri da kashin jaki ko na doki a ciki don ya yi numfashi kada ya fashe, a ɗaure da ƙarhe. A yi mishi wuta sannu sannu kaki ya tsiyaye, a ƙara wuta har ya gasu babu ɗigon laima, laima in ta haɗu da ruwan tagulla sai dai a kwashe ka.

Maganar wa ya ɗauki kasko, babu mai ɗauka. Rami ake ginawa a sauke abin ciki a tsaye, a cike gefe da ƙasa a daddanne, tanderun yana bisa bakin ramin, in ƙarhe ya nuna a ture matoshi ya gangaro da kanshi ta kwata kamar ruwan sama ta indararo. Masu zuba ƙararrawar coci da igwa haka suke yi.

Mushen_Tarihi ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara lafiya, wallahi kamar kana wurin. Abin da ka faɗa kusan shi Cellini ya rubuta da kansa cikin labarin rayuwarsa, kuma shi ma asalinsa maƙerin fari ne kamar ɗan namu, zinariya da azurfa ya saba, shi ya yi wa sarkin Faransa François na ɗaya wani mazubin gishiri na zinariya a 1543 da yanzu yake Vienna. Don haka da ya ce zai zuba gangar Perseus a zubi ɗaya mutane suka ce ƙarya yake, har sarki Cosimo ya yi shakka, ya ce yaya ƙarfe zai kai can sama inda hannu ya ɗaga kan. Cellini ya ce masa sama ba matsala, ƙafar ƙasa ce abin tsoro.

Daren zubin, a 1549, in ka ji yadda ya ba da labari sai ka riƙe baki. Wutar ta kama rufin shagon, ga iska da ruwan sama suna sanyaya tanderu ta ɗaya gefen, shi kuma zazzaɓi ya kada shi ya je ya kwanta yana cewa ba zai kai safe ba. Yana kwance aka zo aka ce masa aiki ya lalace, ƙarfen ya daskare ya yi kamar tuwo. Ya tashi yana zagi yana harbin duk wanda ya tare masa hanya, ya aika aka kwaso busasshen itace mai ƙarfi daga maƙwabta, ya jefa wani dunƙulen kuza, ƙarfe ya fara sakewa, sai murfin tanderu ya fashe da ƙara kamar aradu. Ya buɗe matoshi ya ga ruwan ba ya gudu yadda ya kamata, sai ya ce a kwaso masa duk kwanoni da farantan kuza na gidansa, wajen 200, ya riƙa jefawa ɗaya ɗaya har abin ya cika. Washegari sai kwanon ƙasa aka sayo aka ci abinci. Da ya huce aka fasa, komai ya fito sai yatsun ƙafar dama da ba su cika ba, daidai inda ya ce.

Ni dai ina rage wani abu cikin labarin don mutumin akwai cika baki, ko'ina shi ne gwarzo. Amma Baba, farantan nan gaskiya suna iya wannan aikin ko daɗin baki ne?

Baba_mai_zubi ya rubuta:

Mushe wanga kam ba ƙarya ba ce, ko ya ƙara gishiri wani wuri. Jan ƙarhe zalla malalaci ne, ba shi son gudu, kuma wuta mai yawa yake ci. Kuza ke sa shi ya saki jiki ya yi ruwa da wuri. In ƙarhe ya daɗe bisa wuta kuzar na ƙonewa ta bi datti, sai ka ga ya yi kauri, to shi ya gane abin da ya ɓace ya maida. Jikana ya ce a lakwal an koya musu jan ƙarhe sai wuta ta kai 1085 yake narkewa, kuza 232 kawai, in an haɗa su abin na saukowa ƙasa da 1000. Mu ba mu san lamba ba, launi muke kallo. Abin da nike tausaya ma ita ce mai ɗakin girkinshi.

Ba'adare_a_Italiya ya rubuta:

Hahaha Baba ka kashe ni. Ɗan uwa ni ina aiki a Prato, jirgin ƙasa ƴan mintuna ne zuwa Firenze, haka ƴan ƙasar ke kiran garin. Na tsaya gaban wannan abin ya fi sau goma don kyauta ne ba tikiti, yana cikin wata rumfa mai manyan bakuna da ake ce ma Loggia dei Lanzi a gefen dandalin, iska na bugunshi tantabaru na sauka a kai. Hoto ba ya nuna girman, shi kanshi ya haura mita 3 in ka haɗa da dakalin ya wuce 5, kai kana ƙasa wuyan gawar na saitin kanka jinin kamar zai zubo maka. Launin ba ja ba ne irin tagullar da muke gogewa da toka da lemun tsami, duhu ne mai kore kore.

Abu biyu da ba za ka gani a salula ba. Na ɗaya in ka zaga ta baya ka ɗaga kai, ƙeyar saurayin da hular sun haɗu sun ba da fuskar wani dattijo, gashin ƙeyar shi ne gemun, ana cewa fuskar Cellini ce ya ɓoye a nan. Kuma ya rubuta sunanshi ɓaro ɓaro a maɗaurin da ya ratsa ƙirjin, mutumin ba ya son a manta da shi ko kaɗan. Na biyu fuskar Medusa ba mummuna ba ce, kyakkyawa ce ido a lumshe, kuma sun yi kama da wanda ya kashe ta kamar wa da ƙanwa, wannan ya fi jinin tayar mini da tsigar jiki.

Amma in don zubi kake tambaya akwai wanda ya fi ba ni mamaki a gidan tarihi na Bargello, nan kam sai ka biya. Mercury ne, ɗan aiken alloli, na wani Giambologna, 1580. Mutum guda cur yana tsaye bisa ƴan yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar a sama ta baya, hannu ya nuna sama, kuma abin da ya taka ɗin iska ce da ke hitowa daga bakin wani kai, ita ma iskar tagulla ce. Na zagaya shi ina neman inda anka tokare ban gani ba. Wannan da dutse ne da tuni idon sawun ya karye. A nan kuma ƙananan suke, akwai Hercules ya rungume wani ƙato Antaeus ya ɗaga shi sama yana matse mishi haƙarƙari, na Pollaiuolo, bai kai rabin mita ba, kokawa sak irin ta gida in an ɗauki mutum an raba shi da ƙasa, a tatsuniyar ma wai muddin ƙafarshi na taɓa ƙasa ba ya kayuwa. Irin waɗannan attajirai ke ajiyewa bisa tebur suna juyawa a hannu. Girman ƴan raƙumanka ne ɗan uwa.

Ƴar_jami'a_Yamai ta rubuta:

Sannunku da hira. Ni abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne yadda muke buɗe baki kamar ba mu taɓa gani ba. Yayana ɗan maƙeri, ka sa ƙanenka ya nemo maka hoton kawunan Ife a salular nan tasa. An tono su a 1938 ana ginin gida a Ile-Ife, an zuba su tsakanin ƙarni na 12 da na 15, fanko ne kamar yadda Baba ya faɗa, siraran bango, fuska kamar za ta yi magana har da zanen tsaga. Kafin su akwai na Igbo-Ukwu tun ƙarni na 9 zuwa 10. Akwai wani mutum-mutumi a zaune da aka samu a ƙauyen Tada na Nijeriya bakin kogin Kwara, wannan kogin dai da ya ratsa Yamai, kusan jan ƙarfe zalla ne, wato malalacin da Baba ya ce ba ya gudu, shi suka zuba ba tare da farantan kowa ba. Kuma lokacin da Cellini ke fama da zazzaɓi, masu zubin Benin suna can suna yi wa fadar sarkinsu Oba alluna ɗari ɗari, waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897.

Abin haushin ma, da Bajamushen nan Frobenius ya ga kan Ife a 1910 cewa ya yi ba baƙar fata suka yi ba, wai ragowar wata ɓatacciyar ƙasa ce Atlantis mai alaƙa da Girkawa, har ya haɗa Olokun, allan teku na Yarbawa, da allan tekun Girkawa Poseidon. Kun ga tatsuniyar Girka ta biyo mu har gida ta ƙwace mana aiki.

Jan ƙarfen ma muna da shi. Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, wajen Azelik ta yankin Ingal, ya ga ana narka shi a gidaje ana yin sanduna ana ciniki da su kamar kuɗi, ana kai wa har Gobir da Barno. Ban ce Perseus ba aiki ba ne, aiki ne. Amma a CM2 da lise wa aka taɓa nuna wa Tada?

Mushen_Tarihi ya rubuta:

Ƴar uwa kin yi gaskiya kuma na karɓi nawa kason na laifin. Abu ɗaya zan ƙara, Ife da Benin da Florence duk sarki ne a bayan aikin. Cellini shekara tara ana ba shi gida da ƙarfe, zubin dare ɗaya ne amma gyara da gurza da goga sun ci wajen shekara biyar, wane maƙeri ne zai iya wannan da aljihunsa. Kuma ko shi bai tsira ba, ya nemi 10,000 aka yanke masa 3,500 na kuɗinsu, ya yi ta ƙorafi har tsufa.

Tagulla kuma ba ta da tabbas don kullum ana iya maida ta wuta. Na Girkawan asali kusan duk an narke, waɗanda suka tsira yawanci teku ce ta ɓoye su, kamar mayaƙa biyu da aka tsamo a Riace a 1972. Michelangelo ya zuba wa Fafaroma Julius na biyu mutum-mutumi a Bologna a 1508, shekara uku aka tumɓuke shi aka yi igwa da shi. Tagullar da aka tara wa Leonardo da Vinci don ƙaton doki a Milan ita ma igwa ta tafi a 1494. Mu nan kasuwar Katako ta Yamai ce igwarmu, tsohon abu in ya shiga can sai dai ka gan shi ya fito ludayi.

Abu_Sumayya ya rubuta:

Salam. Ban zo ɓata hira ba, na ƙaru da tarihin. Amma ɗan uwa ko ba a bauta masa ba, sassaƙa siffar mai rai maganar tana da nauyi a addini, balle tsirara. Ka je ka zauna da malamin da ka yarda da shi kafin sha'awa ta ja ka. Ilimin zubin ai yana aiki a buta da turmi da tasa.

ɗan_maƙera_Tawa ya rubuta:

Na gode ƙwarai dukanku, na karanta ma kawu bayanin Mushe ya ce to ko ba gunki ba ne dai ba shi da wando. Malam Abu Sumayya na ji kuma ni ba mutum zan yi ba, buta nike so in gwada mai dogon wuya irin ta shayi.

Baba gaskiya ban faɗa muku duka ba da farko don kunya. Watan jiya na gwada fanko a ɓoye, ƴar tulu kamar dunƙulen hannu, na tara tsofaffin kawunan famfo da makullai na jikka huɗu, kwana shida ina gyaran kaki. Da na zuba sai ya yi tsaki ya tofo ƙarhe waje, ɗigo guda ya faɗa mini bisa ƙafa har yanzu da tabo, da na fasa gefe guda kauri kamar guduma gefe guda ana hango rana. Ƙusa ban sa ko ɗaya ba don ban san da ita ba, kuma yumɓun ciki kwana guda na shanya shi. Yanzu ƙusar wace iri zan sa, kuma in an gama ba za ta bar huji ruwa ya riƙa yoyo ba?

Baba_mai_zubi ya rubuta:

Allah ya tsare maka ido ɗana, tsakin nan laima ce. Na ciki ka gasa shi tukuna har ya yi ƙara in ka ƙwanƙwasa, kwana guda ba shanya ba ce ko a watan bazara. Ƙusa ƴar siririya ta baƙin ƙarhe, huɗu sun isa tulu kamar wanga, biyu ga ciki biyu ga kafaɗa suna kallon juna. In ya huce ka zare ko ka tura ta ciki, ka yanko ɗan tagulla daga cikin abin da ka zuba don launi ya zo ɗaya, ka cusa ka daddoke da ƴar masaba ka bi da magagari, ko kai sai ka nema kafin ka gane wurin. Kawunan famfo kuma ka ware masu farin shafe, kuma kada ka tsaya bisa hayaƙin nan fari da ke tashi, tutiya ce, tana sa zazzaɓi da dare. Butar ka bari tukuna, wuyan daban ake zuba shi. Sake tulun.